Sa Hannu a Karnen Sufyanu

Deule, 14 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Dakta Rahila, asibitin Dutsin Gawo, ƙasar Keita.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mahaman da yara. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata da ke yi mini gardama duk lokacin da hadari ya taso. An samu ruwan shuka ran Talata, gari ya watse, kowa yana gona.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Rezon waya a Deule sai an hau tudun bayan makaranta, ni kuwa tun da na ajiye alli na daina hawan tudu. Ga Illa direba yana zuwa kasuwarku kowace Alhamis, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Rabonmu da haɗuwa tun zaman makokin Baba Sha'aibu, shekara bakwai ke nan, amma kakana da kakanki ciki ɗaya suka fito, saboda haka ba zan yi miki dogon zagaye ba. Fakilte ta jami'ar Yamai ta tura ɗaliban likita na shekara ta shida sitaj, wato koyon aiki, na wata uku a asibitocin karkara, sai Allah ya sa sunan ɗana Sufyanu ya faɗo wurinki. Ranar da ya gaya mana, uwarsa ta yi ta murna kamar an ce ya gama.

Ya bayyana mini cewa a ƙarshen wata ukun ke za ki sa hannu a karnensa, wato littafin shaidar aikinsa, in babu wannan sa hannun ba ya shiga shekara ta bakwai. Na yi shekara talatin da ɗaya ina sa hannu a karnen ƴaƴan mutane, na san nauyin abin, ba kuma alfarma nake nema ba. Ki matsa masa, ki koya masa. Yaro ne mai kunya, ba shi da baki, amma kansa yana ja.

Wani labarin kuma, mun kai masa goron Bushira, ƴar Jima ta unguwar Gabas. An tsayar da magana sai ya shiga shekarar ƙarshe a ɗaura. Kin ga ke nan gida biyu ne suka zuba miki ido.

Ga ɗan kulli na kuka da daddawa daga uwarsa. Ki gaida Mahaman.

Yayanki,
Mushe Alƙasim


Dutsin Gawo, 6 ga Yuli

Yaya Alƙasim,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka da saƙon, Allah ya saka. Muna lafiya. Mahaman da yara suna Tawa, sai ƙarshen wata nake ganinsu, in ma hanya ta yarda. Allah ya sauwaƙe gwiwa, ka rage zama a tabarma.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Sau uku ina fara rubutun ana kirana. Likita ɗaya ce a nan, ni ce. Sai majo Ibrahim, shugaban masu jinya, da ungozoma biyu, da ɗaliban da aka turo mini, Sufyanu da wata yarinya Zara ƴar Madawa. Damina ta faɗi, palu, zazzaɓin sauro, ya fara. Jiya mun ga mutum tamanin da wani abu, rabinsu yara ne da jiki kamar wuta. Gado goma sha huɗu gare mu, sauran suna kwance a baranda, ƙarin ruwa rataye a ƙusa. Na gaji, Yaya, kuma watan Agusta bai ma zo ba.

Ga yadda muke yi. Na ba ɗaliban ɗaki na biyu. Su karɓi mara lafiya, su tambaye shi, su duba shi, su rubuta abin da suka gani da maganin da suke ganin ya dace. Takardar ta zo wurina, in karanta, in sa hannu, sannan a ba da magani. Ranar farko na gaya musu abin da malamina ya gaya mini: ido ya gani, hannu ya taɓa, sai daga baya alƙalami. Suka ce sun ji. Kowa yana cewa ya ji.

Sufyanu ya san littafi, wannan ba shakka. In na yi tambaya da safe wajen zagayen gadaje, shi ke amsawa, a hankali, yana kallon takalminsa. Tsofaffi suna sonsa, don yana durƙusawa ya gaishe su kafin ya ɗauko abin awo. Rubutunsa kuwa, da gani na san ɗan wa ne. Takardunsa ne kaɗai nake karantawa ba tare da na matse ido ba.

Abu ɗaya na lura da shi. Zara tana ƙwanƙwasa mini ƙofa sau goma a wuni, har nakan ji kamar in ɓuya. Sufyanu kuwa sati uku ke nan bai kira ni kan mara lafiya ko ɗaya ba.

Ga majo yana kira, an kawo mai naƙuda a amalanke, Illa kuma yana ta danna oda a bakin ƙofa. Ka gaida mutan gida.

Rahila


Deule, 12 ga Yuli

Ƙanwata Dakta,

Salamu alaikum. Ina fata gajiya ta ragu. Mu lafiya, hatsi ya kai gwiwa, ana noman farko.

Takardarki ta faranta mini rai fiye da yadda kike zato. Na karanta wa uwarsa sau biyu, na karanta wa abokan zamana a gindin itacen bedi bayan la'asar. Da na zo wurin da kika ce sati uku bai kira ki ba, Malam Sanda ya ce ai irinmu ne, ba ma jingina da kowa. Ban musa masa ba.

Kin san abin da kika sa ni? Na hau tudun nan, da gwiwar tawa, na kira yaron a waya. Na ce masa Gwaggonka ta yabe ka, ta ce kai kaɗai ne ba ka damunta da kira. Na ce ka ci gaba haka, matar nan aiki ya yi mata yawa, kada ka zama ƙarin kaya a kanta. Ya ce to, Baba. Na sauko ina haki, amma raina fari.

Ita yarinyar Madawa ki yi haƙuri da ita. A kowane aji akwai irinta, mai ɗaga hannu kafin a gama tambaya. Su ma sukan zama mutane.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Likitan da ya faɗi ba ya ɗaga kowa.

Yayanki,
Alƙasim


Dutsin Gawo, 10 ga Agusta

Yaya,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Ina fata kuna lafiya. Ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa yau, ka yafe mini.

Na san labari ya iso muku cewa Jima tana asibiti a Tawa. Tana da rai, an yi mata aiki, ta fara shan kunu. Ina so ka ji yadda abin ya faru daga bakina.

Ran Alhamis ta makon jiya ta zo nan a motar Illa, ita da ƙanwarta Mairamu. Ranar kasuwa ce, layi har bakin titi. Aka tura ta ɗaki na biyu, ta faɗo hannun Sufyanu. Kwana biyu tana ciwon ciki da amai, ba ta fita bayan gida. Aka yi mata gwajin palu ya nuna akwai, amma a watan nan ko ni ka gwada za ka samu. Ya rubuta mata maganin palu, suka koma gida.

Ran Asabar aka dawo da ita a kwance, ciki ya kumbura ya yi tauri, tana aman kore. Na ɗaga zanenta na sa hannu. Ga kumburi a matsematsinta kamar ƙwan zabo. Ƙaba ce, hanji ya shiga ya maƙale, jini ya daina kai masa. Da an gano ran Alhamis, ƙaramin aiki ne. Muka sa ta a ambilans, sa'a huɗu kafin su kai Tawa saboda hanya. Sai da aka yanke mata kusan kamu guda na hanji da ya mutu.

Na ɗauko takardar ran Alhamis. Ya rubuta da Faransanci, tsaf, cewa ciki da taushi, ba kumburi, ba ƙaba. Na tambayi Mairamu. Ta ce tun da suka shiga Jima ta ja mayafi ta juya fuska bango, shi kuma ya tsaya daga bakin ƙofa kansa a ƙasa. Ita Mairamu ce take karɓar tambaya daga wannan ta miƙa wa wancan. Ko kusa da gadon bai je ba.

Na kira shi ofis na rufe ƙofa.

Na ce, "Ka taɓa cikinta?"

Ya ce, "A'a."

"To mi yas sa ka rubuta ka taɓa?"

Can ya ce, "Surukata ta, Gwaggo. Ban iya ɗaga mata zane."

Na ce, "Nan ba Gwaggo nike ba. Kuma ban tambaye ka mi yas sa ba ka taɓa ba. Na tambaye ka mi yas sa ka rubuta."



Yaya, ba zan sa hannu a karnensa ba. Sai ya sake wata ukun daga farko, abin da ke nufin tsaransa za su shiga shekara ta bakwai ban da shi. Na gaya masa haka. Na san abin da wannan zai jawo a gidanka da gidan Jima, na kwana biyar ina juya shi, ban samu wata hanya ba.

Ga fotokopin takardar na haɗa maka. Ka karanta da idon malami.

Rahila


Deule, 30 ga Agusta

Dakta Rahila,

Salamu alaikum. Muna nan yadda Allah ya so.

Takardarki ta yi sati biyu a aljihun motar Illa, don kori, rafin damina, ya kawo ruwa ya yanke hanya, Alhamis biyu bai iso Deule ba. Kafin ta zo, ɗana ya riga ta. A babur ya iso, da jakarsa, bai yi wa kowa bayani ba. Sai da uwarsa ta yi kuka sannan ya ce kin hana shi sa hannu, kuma shi da aikin likita sun rabu. Tun daga ranar, da asuba ya ɗauki haiwa ya tafi gona, sai magariba. Shekara shida na karatu yana can yana cire ciyawa. Kwana goma na yi ina jiran kalma ɗaya daga gare ki, ina cewa ƴar'uwata ba za ta yi mini haka ba ta yi shiru.

Yanzu na karanta. Na ji tausayin Jima, Allah ya sani. Amma ina tambayar ki, ke ba ƴar ƙasarmu ta Adar ba ce? Ko zaman Yamai ya mantar da ke? Wane ɗa ne a ƙasar nan zai ɗaga zanen uwar matar da zai aura ya sa hannu a matsematsinta? Yaron da in ya hango ta a hanya sai ya sake hanya, wanda bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa kiran sunanta ba. Mu muka koya masa haka, ni da uwarsa, kuma ba mu yi nadama ba. Dangin Jima da kansu ba su ga laifinsa ba. Mijinta ya zo har gidana ya ce abin daga Allah ne, kuma da yaron ya yi abin da kike so, da ba su ƙara haɗa ido da shi ba har abada. Masu ciwon sun yafe, ke ce kika ƙi.

Kin ce in karanta da idon malami. Na karanta. Na ga layi huɗun da ya rubuta, ban kuma ji daɗinsu ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma idon malami yana kaiwa har ƙasan takarda. A ƙasan akwai hatimi, akwai sa hannu, kuma ba na Sufyanu ba ne. Naki ne. Ke kika ce mini ba a ba da magani sai kin karanta kin sa hannu. Ɗalibi ya yi kuskure, malama ta amince, aka sallami mara lafiya. A makarantar da na sani, in haka ta faru ba yaron kaɗai ake kora ba.

Hannunki bai yi nauyi ba ranar da za ki sa shi a kan takardar da ta kusa kashe mace. Sai yanzu, a kan karnen ɗan ɗan'uwanki, ya yi nauyi.

Na ce ba na neman alfarma. Yau ina nema. Ki sa hannu yaron nan ya koma Yamai, kafin ya saba da gonar.

Alƙasim


Dutsin Gawo, 21 ga Satumba

Yaya Alƙasim,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da uwar Sufyanu. Shirun nan ba fushi ba ne, ko in ce ba fushi kaɗai ba ne. Palun da nake yi wa mutane magani ya kama ni, na kwana shida a gadon da nake kwantar da su, majo Ibrahim da Zara suka riƙe asibitin. Na tashi, amma har yanzu in na miƙe da sauri sai ƙasa ta juya.

Sa hannun nawa ne. Na san yana wurin lokacin da na sa takardar a ambulan, da na so ɓoyewa da na naɗe ƙasanta kafin a yi fotokopi. Ranar takardu kusan arba'in ne a gabana. Na ga rubutu mai kyau, na ga an ce ba ƙaba, na sa hannu. Ko sunan ban karanta ba. Matar tana ɗakin da ke jikin nawa, taku goma, ban tashi ba. Na rubuta wa shugabanmu na yanki rahoto, sunana ne a layin farko kafin na Sufyanu. Abin da za su yi da ni nasu ne.

Ka ce hannuna bai yi nauyi ba ranar. Gaskiya ne, kuma ga abin da ya jawo. Yanzu kana so in sake yin haka, in sa hannu a kan abin da ban gani ba. Karnen nan cewa yake na ga yaron nan yana duba marasa lafiya, na yarda a bar shi da su. Bayan shekara biyu za a ajiye shi a wani ƙauye shi kaɗai, ba Rahila a ɗakin kusa, ba kowa. Duk tsohuwar da za ta shigo wurinsa uwar wani ce.

Ban taɓa cewa ya ɗaga zanen Jima ba. Ni ma ba zan iya duba mahaifin Mahaman ba, in ya zo majo nake kira. Abin da ake so kawai ya fito ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce wannan ta fi ƙarfina. Ko ya bar wurin a fili, ya rubuta ban duba ba. Da na ga haka da na tashi.

Kafin ya tafi na tambaye shi me ya hana shi kirana. Ya ce kai ka gaya masa na yabe shi don ba ya kira. Yaya, layin nan da ka karanta a gindin bedi ba yabo ba ne. Damuwa ce. Ɗalibin da ba ya kira shi ke ba ni tsoro, don ba wanda ya san kome a shekara ta shida. Da na samu amsarka na ga ka ɗauke shi dabam, na ce zan gyara, zan zaunar da shi, sai aiki ya ci ni, na bari. Akwai kuma wani abin. A satinsa na farko ya taɓa kirana kan wani yaro mai ƙurji, ina tsakiyar ɗinki, na daka masa tsawa a gaban mutane. Na manta da abin har na rubuta maka cewa bai taɓa kira ba. Shi bai manta ba.

Saboda haka mu uku ne a cikin takardar nan, ba na ɗora masa shi kaɗai. Amma ba zan sa hannu ba. In ya dawo, ɗakinsa yana nan, mu fara daga farko, ni ma in gyara nawa. In bai dawo ba, zan yi baƙin ciki, don zai yi likita mai kyau, kuma ƙasar nan ba ta da su.

Na gaji da rubutu. Ka gaida Jima in ka gan ta, ka ce kada ta ɗauki tulu har wata uku.

Ƙanwarka,
Rahila


Deule, 4 ga Oktoba

Ƙanwata Rahila,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ban san kin kwanta ba, da ban rubuta wasu abubuwan da na rubuta ba, ko kuma da na rubuta su da sauƙi. Mu lafiya. An fara girbi, gero bai yi laifi ba.

Takardarki ta kwana uku a ƙarƙashin matashina ban nuna wa kowa ba. Wannan karon ban kai ta gindin bedi ba. Ina ta tuna yadda na hau tudun nan ina haki don in gaya wa ɗana kada ya nemi taimako.

Ran Juma'a na je gaida Jima, in isar da saƙonki. Ta rame ƙwarai, tana tafiya a sunkuye tana dafa bango. Da na zauna, kafin in buɗe baki ta fara roƙona.

Ta ce, "Mushe, ku ce ma likitar nan ta bar yaron ga. Ɗa na mai kunya. Da ya taɓa ni, da na hi son mutuwa."

Na ji daɗin maganar, don ita nake so in ji. Har na so in tashi da ita in kawo miki. Amma wani abu ya sa na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce, ga asibitin Buza kusa, me ya kai ki har ƙasar Keita da ciwo a ciki?

Ta murza bakin zanenta. Sai ta ce, "An ce mani can likitar mace ta. Ni na san inda ciwon yake, na ji ƙullin da hannuna tun ran Talata. Ba wurin da zan nuna ma namiji ba na. Na ce tunda yaron yana can, shi zai kai ni gare ta."

Na ce, to da kika shiga ba ki faɗa ba?

Ta ce, "In hwaɗa ma wa? Ina iya magana gabanai? Na juya bango ina jira shi hita shi kira ta. Ina jin tahiyatta a ɗakin kusa. Ina jira, ina jira, sai Mairamu ta ce mu tashi, an ba mu takardar magani."

Rahila, ban san yadda na iso gida ba.

Da yamma na bi Sufyanu gona. Na same shi yana ɗaure dami. Na gaya masa abin da ta ce, kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Na kuma gaya masa cewa maganar da na yi masa a waya kuskure ce, ni na karanta takardarki ba daidai ba. Shekarata sittin da huɗu, ban taɓa ce wa ɗana na yi kuskure ba sai ranar. Ya zauna a kan damin ya rufe fuska da hannu, ya daɗe. Ban rarrashe shi ba. Da ya ɗago abin da ya tambaya kawai shi ne ko za ki yarda ki sake karɓarsa. Na ce kin riga kin faɗa.

Shekarar ta tafi, mun sani. Na je na gaya wa mijin Jima cewa auren zai ja baya, bai ji daɗi ba, uwar Sufyanu ma har yau ba ta yi mini magana sosai. Mutanen gari suna cewa ƴar'uwarmu ta yi mana rashin zumunci. Na bar su, ba ni da ƙarfin bi gida gida.

Wannan takardar ba Illa zai ba ki ba. Sufyanu ne zai miƙa miki da hannunsa gobe, karnensa yana cikin jakar, shafinki ba kome a kai. Na janye roƙon da na yi miki. Kada ki sa hannu don ni, ko don kakanninmu, ko don Jima ta ce a bar shi. Ki bari sai ranar da kika gani da idonki.

Abu ɗaya nake roƙo a madadin wancan. Na gaya masa ya riƙa ƙwanƙwasa miki ƙofa ko sau ashirin ne a wuni, kuma na san halinsa, na farkon zai yi masa wuya ƙwarai. In kin ji, ko kina tsakiyar ɗinki, ko kin gaji kamar yadda na san kin gaji, ki ce masa ya shigo.

Allah ya ba ki lafiya, ya ba ki mataimaki.

Yayanki,
Alƙasim